Kafin Ka Biya Kuɗin Gizon Nan

Ɗana,

 

Saƙonka ya iso, hotunan ma na duba su da kyau. Ka ce a wani shagon sayar da dabbobin gida a nan Leeds ka ga babban gizo-gizon nan da ake kira tarantula, an ajiye shi cikin akwatin gilashi, ya takure a lungu, cikinsa ya motse, babu ruwa a gabansa sai guntun soso da ya bushe. Ka ce tun ranar hankalinka bai kwanta ba, kana so ka koma ka saye shi don ka cece shi, kuma kana neman shawarata tunda rayuwata a aikin dabbobi ta ƙare.

Na ji daɗin wannan tausayi naka, kuma ba zan rage masa daraja ba. Na san da yawa a gida in suka ji labarin cewa za su yi gizo ne fa, mene ne abin damuwa. Ni ba haka na gani ba. Tun muna yara aka karantar da mu labarin matar da ta halaka saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Aka kuma karantar da mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya tsare halitta a cikin akwati ya ɗauki nauyin cinta da shanta, ƙarama ce ko babba, kyakkyawa ce ko abar tsoro. Saboda haka abin da ya motsa maka zuciya gaskiya ne. Sai dai shawarata ita ce kada ka biya kuɗin da suka rubuta a jikin gilashin nan. Ka zauna ka ji dalilaina, sannan ka ji abin da nake ganin ya fi dacewa ka yi.

Da farko sai ka tabbatar da abin da idonka ya gani, domin wannan halitta tana ruɗar wanda bai saba da ita ba. Sau da yawa mai lafiya yakan yi kama da mai mutuwa, mai mutuwa kuma yakan yi kama da mai hutawa.

Gizo ba shi da ƙashi a ciki, ɓawon jikinsa ne yake riƙe da shi, kuma ɓawon ba ya girma. In jiki ya cika shi sai ya yi saɓa ya fito da sabo. Makonni kafin saɓar yakan daina cin abinci, ya yi nauyin jiki, launinsa ya dushe, fatar bayan cikinsa ta yi baƙi tana sheƙi. Ranar da zai yi ta sai ya shimfiɗa 'yar tabarmar saƙa, ya kwanta rigingine, ƙafafu sama. Mutane da yawa a nan suke zaton ya mutu, su juya shi ko su jefar, alhali yana cikin aiki mafi hatsari a rayuwarsa. Wanda aka taɓa a wannan hali yana iya maƙalewa cikin tsohon ɓawo, ya nakasa ko ya mutu. To in ka koma ka tarar da shi a rigingine, wannan ba ranar ɗaukarsa ba ce, ba ranar sa shi a mota ba ce. Abin da za ka roƙi mai shago shi ne ya ƙyale shi, ya kuma cire duk wani gyare mai rai da ke cikin akwatin, don gyare yana cizon gizon da jikinsa bai yi tauri ba.

Sanƙon da ka nuna mini a bayan cikinsa shi ma ba ciwo ba ne. Tarantulolin nahiyar Amurka suna da wani gashi mai ƙaiƙayi a wurin, in an tsorata su sai su karce shi da ƙafafun baya su watsa wa abokin gaba. Sanƙon yana nuna an dame shi ƙwarai, da ƙwanƙwasa gilashi da hasken fitila da rashin wurin ɓuya, amma gashin zai dawo a saɓa ta gaba. Haka ƙafar da ta cire: tana sake tsirowa, siririya da farko, ta cika bayan saɓa biyu ko uku. Ƙin cin abinci ma ba hujja ba ce ita kaɗai. Irin wanda na gani a hotonka, mai ruwan ƙasa da ɗan ja-ja a gadon baya, ya yi kama da na ƙasar Chile, wanda masana suke kira Grammostola, kuma an san su da yin watanni ba su ci komai ba alhali lafiyarsu ƙalau.

Abin da ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne yadda ƙafafun suke. A nan akwai wata hikima ta halitta da nake so ka fahimta. A manyan gaɓoɓi biyu na ƙafar gizo akwai naman da ke lanƙwasa ta, amma babu wanda ke miƙe ta. Jinin jikinsa yake turawa da ƙarfi cikin ƙafar, sai ta miƙe. In ruwan jiki ya ragu, ƙarfin turawar ya faɗi, naman lanƙwasawa ya yi rinjaye, sai ƙafafun su riƙa naɗewa ƙarƙashin ciki. Shi ya sa duk mataccen gizon da ka taɓa gani a lungun ɗaki a dunƙule yake. To ka duba da kyau. In ya ɗaga gwiwoyinsa sama ya rufe fuska da su, tafin ƙafafun suna ƙasa a waje, tsoro ne yake ji. In kuwa ƙafafun sun shige ƙarƙashin jiki, ciki ya yamutse ya zama ƙarami a kan gaban jikin, to ƙishirwa ta ci shi, kuma lokaci ya yi gajere. Abin farin ciki shi ne wannan ce cutar da ta fi sauƙin magani. Ruwa kawai take so, a cikin kwano marar zurfi, ba tare da soso ba. Soson nan da shaguna suke sawa wai don kada gizo ya nutse, kuskure ne da ya daɗe yana yawo. Gizo yana kafa baki ya sha ruwa kai tsaye, soso kuwa datti da ƙwayoyin cuta yake tarawa.

Akwai wani abu kuma da masu shago da yawa ba su faɗa, wasu don ba su sani ba, wasu don sun sani. Namijin tarantula in ya yi saɓarsa ta ƙarshe ya balaga, kwanansa ya kusa ƙarewa. Daga nan abinci ba ya gabansa, yawo kawai yake yi yana neman mace, cikinsa yana raguwa, ƙafafunsa sun yi zara-zara. Yawancinsu watanni suke ƙarawa, masu tsawon rai su kai shekara ɗaya ko biyu. Macen kuwa a wasu nau'o'in tana haura shekara 20. Ana gane balagaggen namiji da abu biyu: 'yan gajerun hannayen nan biyu da ke gefen bakinsa ƙarshensu yakan kumbura ya yi ƙulli, sannan a yawancin nau'o'i akwai ɗan ƙugiya a ƙarƙashin ƙafafun gaba. In abin da ke cikin gilashin nan tsohon namiji ne, ramarsa ta tsufa ce, babu kulawar da za ta mayar da shi baya. Kana iya ba shi wurin da zai ƙarasa kwanansa cikin natsuwa, wannan ma alheri ne, amma ka shiga da saninka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai alamomi biyu waɗanda in ka gan su, ina roƙonka ka janye hannunka. Ta farko, wani farin abu mai danƙo a kewayen baki. Sau da yawa wannan tarin ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya rarrabe su ɗaya-ɗaya. Gizon da suka kama yakan daina ci, hannayen bakinsa su daina aiki, ya riƙa tafiya a kan tsinin ƙafafu, a ƙarshe yunwa ta kashe shi. A 2022 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside suka bayyana wani sabon nau'in wannan tsutsa, bayan wani mai kiwo ya aika musu da gizagizansa da ke mutuwa. Har yanzu babu maganin da aka tabbatar, kuma tana yaɗuwa daga akwati zuwa akwati. Ta biyu, wani irin fizge-fizge: gizon yana jefa ƙafafu ba tsari, yana tangaɗi, ya kasa kama abinci ya kasa isa ga ruwa. Masu kiwo suna danganta shi da guba, musamman maganin ƙwari da irin wanda ake ɗiga wa karnuka da kyanwoyi don kashe ƙuma, kuma shagon dabbobi cike yake da waɗannan. Kaɗan ne suke tashi daga wannan. Likitocin dabbobin da suke duba gizo ma ƙalilan ne ko a can Ingila, kuma abin da za su iya yi bai da yawa.

Yanzu bari in zo kan ainihin maganar, wato kuɗin.

Ka san yadda ake ciniki a kara. In dillali ya kawo rago mai tari da majina, wani ya ji tausayi ya biya kuɗin lafiyayye, ranar kasuwa mai zuwa dillalin nan ba zai nemi magani ba, wani mai tarin zai sake kawowa, don ya ga yana fita. Littafin mai shago ba shi da gurbin da ake rubuta niyyar mai saye. Abin da zai shiga shi ne an kawo gizo ɗaya, an sayar da gizo ɗaya, an ci riba. Kafin mako ya zagayo ya aika wa mai kawo masa kaya, an zuba wani a cikin akwatin nan, a kan busasshen soson nan, ƙarƙashin fitilar nan. Kai ka tafi gida zuciyarka ta yi sanyi, amma kuɗinka ne ya sayo na biyun. Wanda ya mutu a hannunsu kuwa asara ce, kuma asara ita ce abin da ke sa ɗan kasuwa ya gyara ko ya daina sayar da abin da bai iya riƙo ba. Na san wannan magana tana da ɗaci, domin wanda ke gabanka kana ganinsa, wanda zai maye gurbinsa ba ka ganinsa. Amma shi ma rai ne, kuma yana zuwa.

Ka kuma tambayi kanka daga ina yake zuwa. Irin na Chile ɗin nan suna girma a hankali ƙwarai, sai sun shekara da shekaru kafin su kai girman tafin hannu. Mai kiwon da ya raini gizo tun yana ɗan mitsitsi har ya kai haka ba zai iya sayar da shi da araha ba. Saboda haka babban gizo mai arha a shago, wanda ba a san ranar ƙyanƙyasarsa ba, ba a san mai kiwonsa ba, akwai kyakkyawan zato daga ramin daji aka tono shi. Wani bincike da aka buga a 2022 ya gano nau'o'in gizo-gizo da kunamu da danginsu sama da 1,200 ana cinikinsu a duniya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka shigar Amurka daga daji aka kamo su. A watan Nuwamban 2024 an kama wani matashi a filin jirgin saman Lima, babban birnin Peru, da tarantula 320 ɗaure a jikinsa cikin ledoji da ƙananan robobi. Ka yi tunanin halin da suke isa, in sun isa. Masu jajayen gwiwoyi na Meziko an kwashe su har sai da aka sa danginsu duka ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kayyade cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe, a tsakiyar shekarun 1990. A 2019 aka ƙara da masu zama kan bishiya na Indiya da Sri Lanka, cikinsu har da wani shuɗi na kudancin Indiya. Mu ma nan yammacin Afirka ba a bar mu ba. Akwai tarantulolin da ake sayarwa a Turai da sunan Togo da na Kamaru, kuma an daɗe ana fitar da baƙar kunamar nan babba daga Ghana da Togo da Benin. Macen da aka tono daga raminta wataƙila ta shekara goma sha kafin ta kai haka, kuma da ita aka tafi da duk ƙwan da za ta yi nan gaba. Na dajin kuma su suka fi zuwa da tsutsa da sauran cututtukan da ba a gani sai an kai gida.

Za ka ce to a kai ƙara mana. A nan ma sai ka san iyakar abin. Dokar walwalar dabbobi ta Ingila ta 2006 masu ƙashin baya kawai ta shafa, lasisin sayar da dabbobin gida ma haka. A 2022 an yi wata dokar da ta amince cewa ƙaguwa da wasu halittun ruwa suna jin zafi, amma gizo-gizo bai shiga ba. Ma'ana, babu jami'in da zai zo ya tilasta wa mai shago ya zuba wa gizo ruwa. Sai dai in ka ga ƙadangaru ko macizai ko tsuntsaye a shagon su ma cikin wahala, wannan kam ƙaramar hukumar da ta ba shi lasisi tana da ikon bincike, kuma ya dace ka sanar da ita. Shagon da ya bar gizo da ƙishirwa da wuya a ce sauran dabbobinsa suna jin daɗi.

To me za ka yi? Ka koma, amma da baki za ka fara, ba da aljihu ba. Ka nemi ganin mai shagon ko manajansa, ka yi masa magana cikin ladabi, ba a gaban masu saye ba. Yawancin yaran da ke aiki a irin waɗannan wurare ba mugaye ba ne, ba a koya musu ba ne, takarda ɗaya aka miƙa musu mai cike da kurakurai. In ka shiga da faɗa za su kare kansu, gizon ne zai kwana a ciki. Ka ce ka lura wannan yana jin ƙishirwa, ko za a cire soson a sa masa ruwa a murfin kwalba, a kashe fitilar da ke kansa, a sa masa ɗan ɓawon itace ya ɓuya. Duk wannan ba zai ci musu ko fam ɗaya ba. Ka tambaye su sunan nau'insa na kimiyya, da tsawon zamansa a shagon, da ranar da ya ci abinci, da ranar da ya yi saɓa, da ko haifaffen gida ne ko kamun daji. Amsoshin za su nuna maka irin mutanen da kake ciniki da su. Bayan kwana biyu ka sake leƙawa. Mai yiwuwa ka tarar ya sha ruwa ya miƙe, ka cece shi ke nan ba ka sayi komai ba, kuma wanda zai zo bayansa ma ya sami kwanon ruwa. A wurina wannan ya fi saye nesa ba kusa ba.

In kuwa suka ce ai ba zai tashi ba, ko suka nuna ba ruwansu, sai ka ce su ba ka shi kyauta tunda mutuwa zai yi a hannunsu, ko su karɓi abin da bai kai kuɗin da suka sayo shi ba. Shaguna da dama suna yarda, don sun san marar lafiya ba ya sayuwa. Ma'aunin shi ne kada su ci riba a kan wahalar da suka jawo. Kuma kada ka yarda su haɗa ka da tarkacen kaya, akwati mai tsada da fitilar zafi da tsakuwa mai launi, su mayar da ribar ta bayan gida. In suka ƙi, suka tsaya a kan cikakken kuɗi, ka yi sallama ka fita. Zai yi maka zafi, na sani. Amma ka faɗi gaskiya, ka nemi a gyara, ka miƙa hannu aka ƙi karɓa. Nauyin yana wuyan wanda ya tsare shi.

Idan Allah ya sa ya dawo hannunka, ga abin da zai buƙata, kuma ba shi da yawa. Robar ajiye abinci mai faɗi wadda aka huda wa ƙananan ramuka a gefe ta wadatar. Ka zuba niƙaƙƙen ɓawon kwakwa ko ƙasar da babu taki babu magani a cikinta, ka cika sosai yadda tazarar da ke tsakanin ƙasa da murfi ba za ta wuce tsawon gizon da rabi ba. Dalili shi ne cikinsa yana fashewa in ya faɗo ko daga ɗan gajeren wuri, jininsa kuma ba ya daskarewa da sauri irin namu. Masu kiwo sukan ajiye garin sitacin masara don toshe ƙaramin rauni, amma babban fashewa ba ta da magani. Irin na Chile daga busasshiyar ƙasa suka fito, ba sa son danshi, in ƙasar ta jiƙe sai su hau bango su ƙi sauka. Saboda haka ƙasa a bushe, kwanon ruwa a cike. Ɗumin ɗakin da kai kake jin daɗinsa, wajen digiri 20 zuwa 25, ya ishe shi. In ya raunana har ba ya iya zuwa wurin ruwan, ka matsa masa a hankali har bakinsa ya taɓa ruwa, amma cikinsa ya zauna a waje, domin ta ƙarƙashin ciki yake numfashi. Daga nan ka sa shi wuri mai duhu ka ƙyale shi. Kada ka yi ta buɗewa kana dubawa, kada ka yi gaggawar ba shi abinci. Bayan mako guda ka gwada gyare ɗaya, in bai ci ba zuwa washegari ka cire. In ya yi saɓa, ka jira mako ɗaya zuwa biyu har haƙoran dafinsa su koma baƙi su yi ƙarfi.

Na san ɗabi'armu ta turaren wuta da fesa turare a ɗaki, na kuma san ka tafi da naka. Ka nisanta su daga inda yake, haka duk wani maganin ƙwari. In ka shafa karen wani ko kyanwarsa, ka wanke hannu kafin ka taɓa akwatin.

Ka kula da kanka kai ma. Kada ka ɗauke shi a hannu, ko da ka ga ana yi a bidiyo. Ba ya sabo da mutum, ba ya jin daɗin shafa, hatsarin faɗuwa kawai kake jawo masa. Cizon na nahiyar Amurka galibi bai da tsanani, amma gashin nan abin tsoro ne ga ido. A nan garin da kake, a 2009, likitocin ido sun duba wani matashi ɗan shekara 29 da idonsa ya yi makonni yana ja yana zubar da hawaye, magani ya ƙi ci. Da suka duba da madubin ƙara girma sai suka ga ƙananan gashi sun nutse cikin ƙwayar idon. Ashe yana share akwatin gizonsa ne, irin wannan na Chile, ya watsa masa gashi a fuska. Wasu gashin sun yi ƙanƙantar da ba a iya cire su, sai da ya daɗe yana ɗiga magani. Saboda haka kada ka kusantar da fuskarka, ka yi aiki da dogon hantsaki, ka wanke hannu bayan ka gama. Na Afirka da Asiya kuwa ba su da wannan gashi, amma sun fi sauri, dafinsu ya fi zafi, yana sa ciwon jijiyoyi na kwanaki. Ba na sabon shiga ba ne, ko kyauta aka ba ka.

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi, ita ce ta zamanka. Kai ɗalibi ne, ɗakin haya kake, kuma masu gidaje da yawa sun hana ajiye dabba. Kana da abokan zama waɗanda wataƙila ganin gizo kawai yana hana su barci, su ma suna da haƙƙi a kanka. In mace ce ta warke, tana iya rayuwa har ka gama karatu, ka yi aure, 'ya'yanka su shiga makaranta. Ranar da za ka tattaro kayanka ka dawo gida, wa za ka bar wa? Ba abin da za ka sa a jaka ka hau jirgi da shi ba ne, ba kuma abin da za ka saki a lambu ba, sanyi zai kashe shi. Kada ka karɓe shi sai ka san amsar wannan. Akwai ƙungiyar masu kiwon tarantula ta Birtaniya, tun shekarun 1980 take, tana yin baje koli duk shekara, kuma cikin mambobinta akwai waɗanda suka saba karɓar irin waɗannan marasa lafiya. Wataƙila mafi alherin da za ka yi wa gizon nan shi ne ka haɗa mai shagon da wanda ya fi ka sanin hannu, ko ka karɓo ka miƙa masa.

In kuma ka duba zuciyarka ka ga ba tausayi kaɗai ba ne, sha'awar kiwon ce ta kama ka, wannan ba abin kunya ba ne. Kallon yadda wannan halitta take saƙa, take haƙa rami, take fita daga tsohon jikinta, yana ƙara wa mutum sanin girman Mahalicci. Amma ka fara da lafiyayye, ɗan matashi, haifaffen gida, daga hannun mai kiwon da zai gaya maka nau'insa da watan da aka ƙyanƙyashe shi. Wanda ya fara koyo a kan mai jinya ba ya sanin ko kuskurensa ne ya kashe shi ko ciwon da ya zo da shi, sai ya zauna da zargin kai a banza. Ka kuma sani malamanmu sun yi magana a kan saye da sayar da ƙwari da halittun da ba a amfana da su, kuma ra'ayoyinsu sun bambanta. Ka sami malamin da ka amince da shi a nan inda kake ka tambaye shi kafin ka sa kuɗinka, don ka yi abinka da natsuwa. Karɓar marar lafiya kyauta don a shayar da shi wata magana ce daban da ciniki.

Gobe in ka tashi daga aji ka biya ta shagon. Ka duba ƙafafun, ka duba bakin, ka duba hannayen nan biyu na gaba, ka roƙi a sa ruwan. In har maganar ta kai ga za ka kawo shi ɗakinka, ka fara samun yardar mai gida da abokan zamanka, ka kuma gaya wa mahaifiyarka da bakinka kafin ta ji a wurin wani.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar karatu.

Kawunka.